Kaka ta yi, wake na fita: me ya rage a kwanon yaron Damargu?



Duk wanda ya bi hanyar Damagaram cikin makonnin nan ya ga abin da na gani. Ranar kasuwar Bakin Birji tun hantsi amalanke ke shigowa, wannan da buhun wake, wancan da hatsi, mata da ƙwaryar ƙwai da cuku a faifai. Kafin la'asar kaya sun hau mota sun tafi. Haka Damargu ta saba tun zamanin ayari, lokacin da raƙuman Abzin ke sauka nan su yi lodin hatsi su koma arewa. Mu ne rumbun wasu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a gidan da buhun waken nan ya fito, sau da yawa akwai yaro ɗan wata goma wanda tun safe ba abin da ya shiga cikinsa sai nonon uwa da ruwan hura.

A shirinmu na lafiya na makon jiya wata tsohuwa ta bugo waya daga wani ƙauye. Ta ce jikanta ya rame, sun kai shi likita, an auna shi, an ce su dawo wani mako don biskit bai iso ba. Tambayarta ɗaya ce: "To ɗana, kafin ya iso, me zan ba shi?" Na ba ta amsar da na iya, amma tambayar ta fi ƙarfin minti biyu na waya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Yadda muka saba da leda

Abin da muke ce wa biskit, sunansa na kamfani Plumpy'nut. A Faransa aka haɗa shi a 1996, kuma ba wani abin mamaki ne a ciki ba: niƙaƙƙiyar gujiya, madarar gari, sukari, mai, sai sinadaran bitamin. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da ƙarfin kalori 500. Mu nan mun san shi a 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004 sun bar rumbuna wayam. Ni lokacin ina ɗan makaranta, amma ban manta layin mata masu goyo da ke kwana bakin likita ba. A wannan shekara kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Kafin zuwan ledar nan sai an kwantar da yaro da uwarsa makonni. Da ta zo, uwa na karɓa ta koma gida ta ci gaba da aikinta. Har masana'antarsa aka buɗe a Yamai. A 2006 kuma gwamnati ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Allah kaɗai ya san yawan ƴan samari da ƴan matan da ke yawo a Tanut yau waɗanda ledar nan ce sanadin tsirarsu.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Shekara ashirin ɗin nan sun koya mana wani abu da ba a yi niyya ba: cewa abincin da ke gina jikin yaro a likita yake, na gida kuwa na cika ciki ne kawai. Har ya zama in an auna yaro aka ce bai kai ga karɓar biskit ba, wasu ransu ke ɓaci, kamar an hana su rabo. Kuma kowa ya san ledar da aka ba yaro ɗaya, yayyensa uku na lasa, wata ma a tebur take ƙarewa ana sayarwa.

To yanzu ƙafar da ke kawo ledar ta fara ɗingishi. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin da suke bai wa gwamnati, CEDEAO ta rufe iyakoki, kayan da ke shigowa ta Kotonu suka maƙale. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma bin Lome da Burkina, hanya mai nisa da tsada. Sai ga na Amurka: ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Trump ya sa hannu aka tsayar da agajin ƙasashen waje, farkon Yuli kuma aka rufe hukumar USAID, wadda ke cikin manyan masu biyan kuɗin irin wannan abinci a duniya. Ba siyasa na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa kan waɗannan abubuwa. Ina cewa ne kawai mu leƙa maƙwabta. A jahar Katsina, wadda ke iyaka da tamu, MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta sanadin tamowa cikin wata shida na farkon 2025. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Ciki ya cika, jiki bai samu ba

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi a 2022 ya nuna kashi 12.2 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 na fama da rama, kashi 47 kuma sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Kusan yaro ɗaya cikin biyu ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar kashi 30 a matsayin abin da ya yi muni ƙwarai, mu kuwa mun wuce nan da nisa, kuma jahohin Damagaram da Maraɗi, masu noma, su ne suka saba zama a sahun gaba.

Ku lura da wannan lamba ta biyu. Rama ana ganinta, ana gudu likita, biskit na maganinta. Tsumburewa kuwa shiru take shiga, tun daga cikin uwa har yaro ya cika shekara biyu, kwana dubu ɗin da ma'aikatan lafiya ke yawan faɗa. Yaro na wasa, yana dariya, sai a ce ai gajere ne kamar kakansa. In ya wuce shekara biyu a haka, da wuya a maido abin da ya rasa, a tsawo ko a kaifin kai. Wannan ba ledar da ke gyara ta. Kuma tana samun yaro ko a shekarar da rumbu ya cika, shi ya sa ba za mu ɗora komai a kan fari ba.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma a nan nake so uwaye da kakanni su tsaya. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya bai wuce ɗaukar kofi ɗaya ba a zama guda, wajen rubu'in lita. Tsakanin shekara ɗaya da biyu, ko yana shan nono, yana buƙatar kusan kalori 550 daga abinci kowace rana, wato ɗan fiye da abin da ke cikin ledar biskit guda. Kofi ɗaya na tsinkakken kunu ko hurar da aka tsawaita da ruwa da kyar yake ba da kalori 100 zuwa 150. Yi lissafi da kanka. Yaron ya sha ya ƙoshi, ciki ya yi tim, ya yi barci, uwa ta ce alhamdu lillahi ya ci. Ruwa ya ci. Babba na iya shanye ludayi ashirin ya rama abin da ruwan ya rage, yaro ba shi da wurin zuba su.

Hura ba laifi gare ta ba, ita ta raine mu duka. Hurar da ta ji nono abinci ce sosai. Amma tsakani da Allah, a gida nawa ake dama ta da nono daga watan Maris zuwa saukar ruwa, lokacin da dabbobi suka yi nisa, akuyoyi suka ƙafe? Sannan hurar safe da ta wuni a ƙwarya cikin zafin Damargu, ƙuda ya hau ya sauka, ita ake ɗiba wa yaro da yamma. Zawo ya biyo baya, abin da ya shiga ya fita.

Abin da ke cikin gida

Masana sun kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas, suka ce a rana ya taɓa aƙalla biyar. Akwai nonon uwa, akwai hatsi da dangoginsa, dawa, shinkafa, rogo, akwai wake da gujiya da riɗi, akwai nonon dabba da cuku, nama ko kifi ko hanta, ƙwai, ganye mai duhu da kayan lambu masu ja ko ruwan ɗorawa irin su kabewa da karas da mangwaro, sai sauran ƴaƴan itace da kayan miya. Yaron ƙauyenmu na kan biyu, nonon uwa da hatsi. Ranar da aka yi sa'a ya kai uku.

Yanzu dubi jerin nan kuma, ka gaya mini wanne ne sai an kawo daga Turai. Wake muna nomawa. Akuya na ɗaure a turke. Zabi da kaji na yawo a tsakar gida. Ƴan uwanmu makiyaya na Tenhiya da Belbeji su ne masu cukun da ake yi wa layi a Damagaram. Tafasa, yaɗiya, lalo, gasaya, ganyen jiga da na aduwa, duk iyayenmu mata sun san lokacinsu da yadda ake shanya su. Fara da muke ci da yaji a bakin tasha, in an cire ƙafa da fiffike aka daka ta lilis, abinci ce mai gina jiki. Magariya na nan. Ita kanta anza da muke jin kunyar a ce muna ci, don sunanta ya haɗu da yunwa, tun ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar Eden ke aiki da manoma a Dalli kusa da Tanut kan shuka irin waɗannan itatuwa, yau kuma kamfanin Sahara Sahel Foods na Damagaram na sarrafa ta yana sayarwa a leda. Sai dai fa anza sai ta jiƙu kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita sarai, kada a yi gaggawa da ita, balle ga yaro.

Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa a CSI bai da wuya. A auna hatsi uku, wake ɗaya da aka soya sama-sama aka cire ɓawo, gujiya ɗaya soyayya, a niƙa tare a adana a mazubi mai murfi. Gujiyar a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, don tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta. Inda gujiya ta yi tsada, riɗi ko garin ƙuliƙuli na tsaya mata. A dama kunun da kauri, yadda in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. A zuba ƙaramin cokali na mai ko man shanu, shi kaɗai kalori 40 ne. Yau a barbaɗa garin zogale, gobe a murje dafaffen ƙwai a ciki, jibi a zuba nonon akuya da aka tafasa. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a rana, wanda ya fi haka sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa tsakani, nono kuma na tafiya.

Uwaye kan ce kunu mai kauri yaro ba ya iya haɗiya. Akwai dabara. A jiƙa hatsi ya tsiro kwana biyu ko uku, a shanya, a niƙa. In an sauke kunu mai kauri ya ɗan huce, a zuba ɗan wannan gari kaɗan a motsa. Nan da nan zai saki ya yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a mayar a wuta ya sake tafasa. Ƙarfinsa na nan, ga shi yana shiga.

Sai kwano. A gidajenmu yaro ɗan shekara ɗaya da rabi na sa hannu a akushi ɗaya da yayyensa ƴan shekara bakwai da tara. Kafin ya gama hura lomarsa ta farko sun sharce miya. A ba shi nasa kwanon, ko na roba ne, wani babba ya zauna gabansa har ya gama, ta haka ne kaɗai za a san ya ci ko bai ci ba. Ɗura kuwa, a matse yaro a cinya a toshe masa hanci a zuba kunu da tafin hannu, wallahi a bar ta. Kunu na sarƙewa ya faɗa huhu, kuma yaron da aka saba yi wa ɗura da ya hango ludayi yake fara kuka. In ya ƙi sabon abu yau, a sake gwadawa gobe da jibi. Wani sai an kai sau goma kafin bakinsa ya saba.

Wa ke riƙe da makulli?

Duk abin da na lissafa, mafi yawan mata sun ji shi. An tara su a ƙofar mai gari an faɗa, an nuna da tukunya, mu ma mun maimaita a rediyo har muryarmu ta dushe. To me ya sa bai sauya ba? Ni a ganina mun daɗe muna wa'azi ga wadda ba ta riƙe da makulli.

Rumbu na maigida ne. Shi ke auno hatsin rana, shi ke yanke ranar da wake zai fita. Wake kuwa a wurinmu ba a ɗauke shi cimaka ba, kuɗi ne: da shi ake biyan bashin da aka ci da damina, da shi ake haɗa kuɗin motar mai tafiya biɗa, da shi ake auren kaka. Ana sayar da shi yanzu da yake araha, in bazara ta yi uwa ta nemi tiya ɗaya a kasuwa ta ji farashin da ba za ta iya ba. A Oktoba 2024 hukumomi sun hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje in ban da Mali da Burkina, don cimaka ta zauna cikin ƙasa. Manoma da dama sun bugo mana suna kukan farashi, kuma kukansu na da dalili. Amma dokar da ta tsayar da wake a iyakar ƙasa ba ta iya tsayar da shi a ƙofar gida. Wannan sai maigida.

Ba na raina talauci. Wanda ɗan kasuwa ke tsaye a kansa da littafin bashi ba a ce masa ya ajiye buhu. Ba buhu nake magana ba. Yaro ɗaya, cokali biyu na garin wake a rana, tiya kaɗan ne za su kai shi wata da watanni. A zuba a jarka mai murfi a toshe da kyau, ƙwaro ba ya rayuwa inda ba iska. Haka ƙwai: in an tara goma za a kai kasuwa, a rage biyu. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, ko bakinsa zai yi nauyi, mu duba da kyau mu ga ko ba don ƙwan ya isa kasuwa aka ƙirƙiro ta ba. Ƴaƴan ma'aikata na birni kullum suna ci, su ne kuma ke zuwa na ɗaya a aji.

Sannan mu yi wa mata adalci. Matar da ta tashi da asuba ta yi sussuka da daka, ta tafi rijiya mai zurfin gaba da yawa, wani wuri sai da jaki ko raƙumi ake ja, ta dawo ta nemo itace, ta kai abinci gona, yaushe za ta hura wuta sau huɗu don kunun mutum ɗaya? Shi ya sa goyon ke ƙarewa a bayan yarinya ƴar shekara takwas. In maigida ya biya kuɗin injin niƙa sau ɗaya a mako, ko ya sa amalankensa ya ɗebo ruwa, ya yi wa ɗansa abin da ya fi sabuwar riga. A nan jahar Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyali, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Abin kunya ne a ce mu da muka koya wa wasu, a fadarmu ana hirar farashin rago da ƙwallon Turai, ba mai tambayar me ɗan autansa ya ci.

Kakanni mata, ku ma kuna da naku makullin. Binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 23 cikin 100 kacal na jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Sauran ana ba su ruwa, bauri, ko a matse dakashi a zubar a ce ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko. Yarinya mai haihuwar fari ba ta isa ta yi wa uwar miji gardama ba, ko me aka gaya mata a awon ciki. Haka yaye na dare ɗaya: da an ga uwa ta samu ciki sai a ɗauke yaro a kai wa kaka, a ce nonon ya ɓaci. Likitoci sun ce bai ɓaci ba. Yaron da aka raba da nono da uwa rana ɗaya, ga kewa ga ruwan hura, shi ne wanda muke gani a CRENI bayan wata biyu. Malamanmu ma na tuna mana cewa shekara biyu ce cikar shayarwa.

Ga ƴan uwa na nesa

Ku da ke Libiya, Aljeriya, wuraren zinariya na Jado, ko Najeriya, mun san da wace wahala kuɗin nan ke fitowa. Kuna aikowa ta Nita ko Al Izza, baba ko yaya ya karɓa, a sayi hatsi, a biya bashi, a yi gudummawar biki. Duk daidai ne. Amma a cikin saƙon murya nawa kuka taɓa cewa, jaka biyu daga ciki na kunun yaro ne, a ba uwarsa a hannu? Abin da ba a kira sunansa ba, ba ya samun kaso. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi akuya mai ciki da sunan yaron, ko ya roƙi habbanaye wurin abokan zamanmu Fulani kamar yadda iyaye ke yi. In matarka na cikin asusun Mata Masu Dubara, zubinta na mako ma hanya ce.

Tsaraba kuma, a yi hattara. Ana dawowa da katan na alewa da biskit na kanti da garin lemo mai launi, don a nuna an tuna da yara. Yaron da ya fara sanin zaƙi tun bai cika shekara ba, da wuya ya kalli miyar tafasa. A garin Tanut yanzu za ka ga an miƙa wa ɗan shekara biyu dala biyar da safe ya nufi tebur, karin kumallonsa ke nan. Shayin da muke ɗanɗana musu a kofi na uku yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, ga shi dama ƙarancin jini ya yi wa yaranmu yawa. Madarar gari ta Aljeriya kuwa, kada a haɗa wa jariri ɗan ƙasa da wata 6 da ruwan rijiya don a ce uban na waje. Nonon uwarsa ya fi ta nesa ba kusa ba. Zuma ma sai ya cika shekara. In za ka cika jaka, dabino da man girki da kifin gwangwani sun fi amfani.

Inda kunu ba ya isa

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Yaron da ya riga ya faɗa tamowa mai tsanani ba kunun gida ke tashinsa ba, magani yake buƙata, kuma haƙƙinsa ne a nema masa. Awon damtse da zaren nan mai launi uku ba sai ma'aikaci ba. A Mirya, nan cikin jaharmu, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye yin awon da kansu, aka ga suna yi daidai, yau ƙasashe da yawa sun ɗauka. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a kama hanyar likita ranar. Ruwan ɗorawa, tsakanin 115 da 125, yaro na bakin rami. In ƙafafu biyu sun kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, ko yaro ya ƙi cin komai, ko zawo da zazzaɓi sun haɗu, ba a jiran ranar kasuwa. Masassarar cizon sauro da ƙyanda da zawo su ne ke tura yaro mai rauni cikin ramin, don haka gidan sauro da allurar rigakafi da wanke hannu da sabulu duk cikin maganar abinci suke.

Hukuma ma na da nata. Rage kuɗin jinya da rabi da aka fara a Satumba 2024 ya taimaka, amma in agajin waje na janyewa, dole kuɗin biskit da na maganin yara su samu layinsu a kasafin ƙasa, tunda a Yamai ake yin sa. A nan kusa kuma, masu riƙe da ma'aikatun magajin gari na Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka na iya abubuwan da ba su kai gina kwalta tsada ba: bankunan cimaka su riƙa ajiye wake tare da hatsi, ƙungiyoyin mata su samu injin niƙa su riƙa haɗa garin kunu suna sayarwa a ƙananan ƙulli. Akwai ma irin hatsi mai suna Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, mai yawan sinadarin ƙarfe kuma mai saurin nuna. Ba cewa nake a bar ankutes na gado ba, amma manomin Damargu ya cancanci a kawo masa shi ya gwada a gefen gona.

Tsohuwar nan da ta bugo, abin da na gaya mata shi ne: kada uwar ta daina ba shi nono, a dama masa kunu mai kauri da wake da mai kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, a duba ƙafafunsa kowace safiya, in ya ƙi ci ko ya kumbura kada su jira makon, su nemi babbar likita ko da amalanke ne. Na tambaye ta ko akwai wake a gidan. Ta yi shiru, sannan ta ce akwai buhu biyu, amma ɗanta ya riga ya yi wa mai mota magana.

A shirin mako mai zuwa za mu buɗe layi ga magidanta kaɗai, minti talatin na farko. Ma'aikaciyar lafiya za ta zo da zaren awo da tukunya. Wanda ya ware wa ɗansa wake kafin mota ta zo, ya bugo ya gaya mana tiya nawa, da inda ya adana shi. Ƴan uwa na waje ku aiko saƙon murya ta WhatsApp, za mu saka. Baba tsohuwa, in kina saurare, ki sake bugowa mu ji yadda jikan ya kwana.